Motar da Kunnena Bai Ji Ba

Sana'ata duba mota. Shekara arba'in da ɗoriya, in mutumin cikin birni zai sayi mota, sai ya aiko a kira ni kafin ya miƙa kuɗi. Ban yi boko mai nisa ba. Firamare na gama aka kai ni garejin wani aminin mahaifinmu a Tudun Wada, kuma abin da na fito da shi daga garejin nan shi ne kunne. Ina da wata doguwar sukudireba mai mariƙin katako. In an tada inji sai in ɗora bakinta a jikin ƙarfe, in manna kunnena a mariƙin, in rufe ido. Daga nan in murza baƙin mai tsakanin yatsu, in tara tafin hannu a bakin salansa in sansana. In mota ta yi mini, sai in rufe bonet da kaina, in dafa shi da hannun dama in ce Allah ya sa alheri. In ba ta yi ba, ba na cewa uffan a gaban mai sayarwa, don kada in ci masa fuska. Sai in bar bonet a buɗe, in zaro tsumma in goge hannu, in kama hanya. Kowa a cikin birni ya san ma'anar wannan, har matan da ba su taɓa ganin ina yi ba.

Ina da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu da daɗewa, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, kuma ɗanta namiji ɗaya ne. A lokacin da nake ba da labari ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya huɗu, ya yi shekaru yana aiki a Abuja a wani kamfani. Kullum maganar uwarsa ɗaya ce, ya dawo gida. Shi ma yana so, abin da zai ci ne babu.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi da mota. Doguwa ce fara, mai ɗaukar mutum bakwai, ƙofarta ta gefe tana zugewa da kanta. Lungunmu ba ya ɗaukar mota irin wannan, don haka ya ajiye ta a filin da ke gaban masallacin unguwa. Ina zaune a dakalin bakin filin ta wuce ta gabana ban ji zuwanta ba, sai ƙarar taya a kan tsakuwa. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ni.

"Kawu, ga abin da na zo da shi. Ba ta shan mai. Wuta take sha, kamar waya."

Ya zauna ya yi mini bayani. Ya ajiye aiki. Ya haɗa kuɗin sallamarsa da na filin da ubansa ya bar masa wajen Kufena ya sayo ta. Masu shigo da ita sun ce in ya sayar da wannan za su riƙa ba shi wasu, ya buɗe wurin sayarwa a Tudun Wada, ya kwaso iyalinsa ya dawo kusa da uwarsa. Ya ce tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, masu manyan iyali suna neman mafita. Na tambaye shi kuɗinta. Da ya faɗa sai da na sake tambaya, domin abin da ya ambata zai sayi bas ɗin Kwatano uku masu lafiya.

Ban yi masa murna ba. Na ce Allah ya taimaka, a bakin leɓe. Abin da ke cina shi ne, yaron da na goya a kafaɗa ya sayar da filin ubansa ya zuba a mota, bai ko ɗaga waya ya ce Kawu me ka gani ba. Baƙi daga Giwa da Soba suna zuwa neman shawarata, ɗan cikin gida ya tsallake ni. Da na shiga wajen ƙanwata da yamma, ta gane tun daga sallamata.

"Yaya, ka ga motar ɗanka?"

"Na gani. Ai manya ne yanzu, ba su buƙatar tsofaffi."

"Kunyarka ya ji. Ya ce in ya tambaye ka za ka hana shi."

"To da na hana ɗin, laifi ne?"

Ta murza gwiwarta. Sannan ta ce, "Ka dai sa masa albarka. In ta karɓu, ya dawo ke nan."

Ba a yi mako biyu ba mai saye ya fito. Wani Alhaji ne mai sayar da atamfa da shadda, mutum mai iyali da yawa, kullum gidansa cikin zirga-zirgar kai yara makaranta unguwar Kongo da kai mata biki Kaduna da Kano. Yana da sola a rufin gidansa, kuma ƙofar gidansa a bakin titi take. In akwai mutum ɗaya a cikin birni da motar nan ta dace da shi, shi ne. Ɗan ƙanwata ya ɗauke shi da Hajiyarsa suka zaga har Wusasa suka dawo. Aka ce Hajiya ta ƙi fitowa sai da aka lallashe ta, wai ba ta taɓa shiga motar da ake hira a ciki ba tare da ɗaga murya ba. Suka yi ciniki har suka daidaita. Amma ni na duba wa mahaifin Alhaji motarsa ta farko, ni na duba wa shi Alhajin duk wadda ya taɓa saya. Ya ce ba zai biya ba sai Malam ya gani, wato ni.

Ɗan ƙanwata ya ji daɗin wannan. Shi a tunaninsa an gama, tunda kawunsa ne mai dubawa.

Ranar Laraba ce bayan azahar. Mutane sun taru a filin masallaci fiye da yadda aka saba, har masu shago sun bar shagunansu. Na zo da sukudirebata a aljihun riga. Na ce a buɗe bonet. Aka buɗe.

Babu abin da na sani a ciki. Wani murfin roba ne baƙi, da wayoyi masu kauri ruwan lemo, da ɗan rami da za a iya saka jaka. Babu filogi, babu bel, babu inda zan zaro sandar awon mai. Na ce, "Tada ta."

"A tashe take, Kawu."

Wani daga baya ya yi dariya. Na zaro sukudireba zan ɗora a kan wani ƙarfe, sai ɗan ƙanwata ya yi wuf ya riƙe mini hannu.

"Kawu, kada ka taɓa nan da ƙarfe. Wutar da ke ciki tana da ƙarfi."

Gaskiya ya faɗa, kuma raina ya tsare. Amma a gaban jama'a ya riƙe hannuna, a kan aikin da nake yi tun ba a haife shi ba. Na zagaya baya in tara hannu a salansa, na sunkuya, na laluba, babu salansa. Na miƙe. Alhaji yana tsaye ya harɗe hannu a baya yana jira. Ɗan ƙanwata ya ciro waya yana cewa bari ya nuna mini lafiyar batir a rubuce, da takardar garanti, da tsawon tafiyar da take yi a caji ɗaya. Duk da Turanci, da ƙananan baƙaƙe waɗanda ko da tabarau sai na yi da gaske.

Maganar da ta kamata in yi gajera ce. In ce, Alhaji, wannan ta fi ƙarfin sanina, a nemo wanda ya karance ta. Malaman da suka koya mana karatu a zaure sun sha gaya mana cewa faɗin ban sani ba ba ya rage malami. Na ji da kunnena sau ba adadi. Amma ban taɓa faɗa a kan mota ba, kuma ranar nan, da idanu sama da talatin a kaina, harshena ya ƙi.

Na zaro tsumma na goge hannuna, hannun da bai taɓa komai ba. Na bar bonet a buɗe na tafi.

Ban waiwaya ba. Amma na ji muryar Alhaji yana cewa, "To, ɗana, bari mu ƙara shawara."

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Bayan la'asar na je majalisarmu, inda muke zama mu tsofaffi bakwai ko takwas a gindin wata darbejiya. Akwai wani abokina a cikinsu, tsohon malamin makaranta, tun muna yara muke tsokanar juna. Ina zama ya fara.

"Ga likitan motoci. An ce yau an kawo maka marar lafiya ka rasa inda zuciyarta take."

"Ai ba ta da ita."

"Ko kunnen ne ya tsufa? An ce har ƙarƙashinta ka leƙa kana neman salansa, kamar mai neman kazar da ta ɓata."

Aka kwashe da dariya. Don in kare kaina sai na shiga zuba. Na ce batirin irin waɗannan motoci shekara biyu yake yi ya mutu, kuma kuɗin sabo ya kai na motar. Na ce in ruwan sama ya taɓa ta sai ta kama mutum. Na ce in ta tsaya maka tsakanin nan da Kaduna sai dai ka nemo shanu. Ko ɗaya ban sani ba. Wasu na tsinta a bakin direbobi, wasu a nan take na ƙirƙira. Amma ni ne na faɗa, kuma kafin sallar isha'i maganar ta shiga kowane zaure: Malam ya ce motar lantarki tana kama mutane, kuma ɗan ƙanwarsa ne ma ya kawo, amma bai rufa masa ba. Har yabona aka riƙa yi, wai mai gaskiya ko a kan jininsa.

Ba wannan ne karo na farko ba, shi ya sa abin ya fi damuna. Lokacin da motoci marasa kulochi suka fara shigowa, haka na yi wa wani bawan Allah da ya kawo guda daga Legas. Ban gane giyarta ba, na goge hannu na tafi. Ya sayar da ita da asara. Yau rabin motocin garin nan irinta ne, kuma ban taɓa zuwa na ba shi haƙuri ba har ya rasu.

Alhaji ya sayi bas mai shan fetur a wata na gaba. Ni na duba masa, na dafa bonet.

Motar ɗan ƙanwata ta zauna a filin masallaci, an lulluɓe ta da tamfol. Damina ta shigo. Wasu sun zo sun gani, wani ma'aikacin gwamnati, wani malamin jami'a, wani mai gidan burodi. Kowa sai ya zagaya, ya yaba kujeru, ya tambayi kuɗi, ya ja numfashi. Wanda kuɗin bai kore shi ba, sai a raɗa masa abin da Malam ya ce. Cajinta ma ya zama aiki. In an kawo wuta sai ya ja doguwar waya daga zauren wani maƙwabci, ta ratsa lungu, yana tsaye yana gadi kada babur ya taka. Sau da yawa kafin ta ɗauki abin kirki an ɗauke. Iyalinsa suna Abuja a gidan haya, shi yana nan yana kwana a ɗakin samartakarsa. Duk safiya yana zuwa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Bai taɓa tada maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ƙanwata ce ta yi magana, sau ɗaya. Na shiga duba ta, ta ce, "Yaya, don Allah in tambaye ka. Abin da ka gani a motar nan, mene ne?"

Na ce, "Ke dai bari."

"A'a, ka gaya mini. In aibi ne da ita, in sani, in daina sa rai."

Na kasa kallonta. Na ce ana kiran salla, na fita, alhali da sauran lokaci.

Cikin wata na huɗu ƙafarta ta kumbura, aka ce a kai ta asibiti wajen Wusasa. Sai da ni da ɗanta muka tallabo ta daga lungu zuwa fili, inda motar take. Ƙofar ta zuge, kujerar ta kwanta, ta miƙe ƙafarta yadda ba ta iya yi a kowace mota. Na zauna a gaba. Karo na farko ke nan da na shiga.

Muka fita ta ƙofar gari, muka hau titi. Ruwa ya sauko mai ƙarfi, muka ratsa kwatamin da ya cika ya malalo kan hanya, ruwa har rabin taya. Ba abin da ya kama kowa. Ina jin numfashin ƙanwata a baya, ina jin tana jan carbi. Can na daure na ce, "Batirin nan, shekara nawa yake yi?"

Ya dube ni, ya mayar da ido kan hanya. Ya faɗa mini abin da takarda ta ce, sannan ya ƙara, "Amma a zafin garinmu ban sani ba, Kawu. Ba wanda ya gwada tukuna."

"In ta lalace fa, wa zai gyara?"

"A nan babu. Sai Kaduna, ko in kira wani daga Abuja. Wannan matsala ce, ba na ɓoye wa kowa. Da wuta. Wanda ba shi da sola ba na ma ba shi shawara ya saya. Kuma tana da tsada, na sani. Mutum biyar ko shida nake nema a garin nan, ba ɗari ba. In suka hau shekara guda ba abin da ya faru, saura za su biyo."

Da bakinsa ya ce bai sani ba a cikin tafiyar nan, ba tare da ya ji komai ba. 

Washegari na je shagon Alhaji a kasuwa. Na same shi yana auna wa wata mata shadda. Da ta tafi na ce masa, "Alhaji, na zo in sauke nauyi. Ranar da na duba motar nan, ban ga aibi ba. Ban ga komai ba, don ban san abin da nake kallo ba. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Ya ajiye almakashi. 

"Malam, da ka faɗa a ranar, da na saya. Hajiya har yau tana yi mini gori a gidan mai. Amma ka ga na riga na sayi wata, kuma kasuwa ba yadda take ba."

Daga nan na wuce majalisa. Na faɗa musu duka, har da maganar ruwan sama da na ƙirƙira. Na ɗauka in na zubar da girmana a gabansu zan kwashe abin da na zubar. Tsohon malamin makarantar nan ya saurara har na gama, ya gyara hularsa.

"Allah sarki. Jini ya motsa."

"Wallahi gaskiya nake faɗa."

"Mun ji. Ƙanwa ta yi kuka, mota ta warke. Wata huɗu tana kama mutane, yau ta tuba."

Wani ya ce, "Ƙyale shi, Malam. Ko ni ne haka zan yi wa ɗan 'yar'uwata. Ba laifi ba ne."

Na rantse, na sake rantsewa. Suna gyaɗa kai cikin tausayi. Ƙaryar da na yi sun karɓe ta hannu bibbiyu domin ta ci ɗan gidanmu, gaskiyar kuwa suka ƙi ta domin za ta amfane shi. Na bi mai gidan burodin har wurin aikinsa, na bi malamin jami'ar. Kowa ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa, ya raka ni ƙofa. A bayan idona aka ce tsufa ya fara taɓa Malam.

Bayan ƙaramar salla wani mai otal daga Abuja ya aiko aka ɗauke ta, don jigilar baƙinsa daga filin jirgi. Ya saya ƙasa da yadda aka sayo ta, nesa ba kusa ba. Masu shigo da motocin ba su sake kiran ɗan ƙanwata ba. Filin Kufena ya tafi. Yaron ya samu aiki a wani kamfanin da bai kai na farko ba, a can Abujan.

Ranar da zai koma ya zo sallama da safe, da jakarsa a hannu. Na ce ya zauna. Na gaya masa abin da na gaya wa Alhaji, na ce ya yafe mini.

"Na sani tun ranar, Kawu. Na ga fuskarka da aka buɗe bonet."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce kawuna bai sani ba, a gaban mutane?" Ya girgiza kai. "Na yafe. Ni ma da laifina, da na zo maka tun farko. Wataƙila ma ko ka dafa ta, guda ɗayan ce kawai za ta shiga, sauran su ƙi. Allah ne ya sani."

Wataƙila haka ne. Na sha juya maganar a raina. Mota mai wannan tsada, a garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, da lungunan da ko amalanke sai ta karkata, mai yiwuwa ba za ta yi kasuwa ba ko da wa ya yabe ta. Mutanenmu ba su sayen abin da makaniken unguwa ba zai iya kwancewa ba, kuma ba su yi wauta ba. Amma wannan hukunci ne da ya kamata masu saye su yanke da kansu, bayan sun ga ta Alhaji tana kai yara Kongo tana dawowa shekara guda. Ni na hana a kai ga nan.

Na raka shi bakin titi ya hau motar haya. Da na dawo na shiga wajen ƙanwata in gaya mata ya tafi lafiya. Na tarar ta sa an buɗe ɗakuna biyun da ke bayan nata. Ashe tun zuwansa da motar ta sayar da awakinta ta sa aka yi musu shafe da fenti, aka sa sabbin labule, ba ta gaya wa kowa ba. Tana zaune a kan kujera a tsakar gida tana ba matar maƙwabcinmu umarni: a sauke labulen a ninke, kada su yi ƙura, a rufe tagogi. Matar ta tambaya ko za ta iya ajiye buhunan masararta a ɗaya ɗakin kafin a samu mai haya.

Ƙanwata ta ce, "Ajiye. Ba mai shiga."